Ɗan wasa ya tallata abin da shi kansa ba ya sha, daidai ne?

Mai Gidan Kallo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan kallon ƙwallo, a bakin ƙofa kuma ina sayar da lemon kwalba da ruwan leda. Kun tuna a watan Yunin 2021, lokacin gasar Euro, da Ronaldo ya zauna gaban 'yan jarida a Budapest, ya ture kwalaben Coca-Cola biyu gefe ya ɗaga gorar ruwa? Alhali kamfanin na cikin masu ɗaukar nauyin gasar. A makon nan ɗin yaran unguwa har kwaikwayonsa suka riƙa yi a kan teburina. Amma shi ɗin dai can baya ya fito a tallan kajin KFC. To wanne za a ɗauka? Yaro bai san kwangila ba, abin da ya gani a hannun gwaninsa shi zai nema. Shin sai kaya sun dace da ɗan wasa, ko fuska kawai ake saye?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Fuska ake saye Malam, amma cinikin ba ya ɗorewa in babu dacewa. Nike ta ɗauki Michael Jordan a 1984 yana sabon shiga ƙwallon kwando na ƙwararru. Takalmin da yake tallatawa shi ne a ƙafarsa cikin fili, kowa na gani. Tun 2003 ya ajiye wasa, har gobe ana sayen takalmin, jabunsa ma ya cika kasuwanninmu.

Hajiya Mai Atamfa:
Baban Ummi, ban yarda sai kayan wasa ba. Ni ba na kallon ƙwallo, amma na san Kanu ta tallan madarar Peak, wanda aka nuna shi yana ƙaramin yaro yana buga ƙwallo a unguwa. Uwa ta ga wannan, ɗanta take hangowa. Madara da girman yaro ai sun dace, ko da Kanu bai taɓa tatsar saniya ba.

Ɗan Arewa a Kumasi:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne imanin ɗan wasan. Kwana ɗaya bayan na Ronaldo, Pogba ya sauke kwalbar giyar Heineken daga gabansa, duk da cewa irin marar sa maye ce. Kafin su, Kanoute a Sevilla ya taɓa liƙe tambarin kamfanin caca da ke ƙirjin rigarsa. Papiss Cisse ma a 2013 ya ƙi sa rigar Newcastle mai sunan Wonga, kamfanin bashi da ruwa, kodayake daga baya sun sasanta ya sa. Ka ga matsin ba ƙarami ba ne.

Mai Gidan Kallo:
Yauwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Lemo da sauƙi wallahi, tallan caca ne ke hana ni barci. Ana tafiya hutun rabin lokaci sai ga tsohon ɗan wasan da muka taso muna ƙauna yana murmushi, yana cewa a sa kuɗi. Shi ba da caca ya gina gidansa ba, da gumi ne. Na ga yaron makanike ya zuba kuɗin sallamarsa na mako guda a wasa ɗaya, ya zauna a benci na baya ya kasa tashi har na kashe inji. Yanzu hutu na yi nake rage sautin talabijin. Hajiya, ku da kuke da samari a gida, ya kuke yi da wanda ke zuwa musu ta waya?