Kiɗan kwamfuta kiɗa ne, ko danne-danne?

Kawu Bala: Salamu alaikum. Jiya na je bikin ɗan abokina a Tudun Wada. Ba kalangu, ba 'yan amshi, yaro ɗaya ne zaune da kwamfuta da lasifika biyu. Ni dai na faɗa, wanda hannunsa bai taɓa fata ba, kada ya kira kansa makaɗi. Habu, da kai nake.

Habu: Wa alaikumus salam Kawu. Ai na san za a zo kaina. Amma wanda ka gani mai saka waƙa ne, aikin wasu yake kunnawa. Ni haɗawa nake yi daga tushe. Idan na buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ba na tarar da komai, gidaje 16 ne a jere babu kowa ciki. Ni zan zaɓi inda ganga za ta faɗi da inda za ta yi shiru. Akwai kiɗan da na kwana uku ina juya shi kafin ya zauna.

Kawu Bala: Kwana uku kana danne-danne. Mai kalangu a take yake yin nasa.

Habu: Bayan ya yi shekara nawa yana bin ubangidansa da ƙaramar ganga? Shi ma ba daga sama ya faɗo ba, Kawu.

Malam Idi: Ku bar ni in sa baki. Alhaji Bala yana da gaskiya, sai dai bai kama bakin zaren ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, shi ya sa wuyan da ake rataya laya dabam yake da wuyar da ake sha, alhali rubutunsu ɗaya. Fiyano kuwa matakala 12 gare shi kafin sauti ya zagayo, tsakanin mataki da mataki ba wurin tsayawa. Kalma irin "yau" ko "mai" na mota daga sama take gangarowa, zamewa take yi. To ina za ka ajiye ta a matakala?

Zainab: Malam, da izininka. Akwai wurin ajiye ta. Tun 1983 da aka fito da tsarin MIDI, wanda kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi, akwai umarnin lanƙwasa sauti. Ɗan abin murzawan nan na gefen hagun fiyanon lantarki aikinsa ke nan. Ba kwamfuta ce ta kasa ba, masu haɗawa ne ba sa wahalar da kansu. Mu ma a Samaru haka muke fama, mutum ya rubuta wa kwamfuta umarni da harshen Python ba daidai ba, ya koma yana zagin kwamfuta.

Habu: Allah ya yi miki albarka ƙanwata.

Zainab: Kada ka yi saurin godiya, Yaya Habu. Kiɗan da ka turo makon jiya na saurara. Ka ja kowane bugu ya hau layi cif, ko ƙiftawar ido babu tsakani. Mai kalangu yakan ɗan yi jinkiri, yakan ɗan riga, a nan daɗin yake. Naka kamar injin markaɗe.

Kawu Bala: Madalla da 'yata! Injin markaɗe. Na riƙe wannan.

Habu: To, na ji. Wannan laifina ne, ba na manhaja ba. Ana iya kashe layin a buga da hannu.

Malam Idi: Ni abin da ya fi damuna ma ba gangar ba ce, muryar ce. Auto-Tune ɗin nan na gyaran murya a kwamfuta da ya fito a 1997, wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa wajen neman man fetur. Ya yi shi don a gyara ɗan kuskuren mawaƙi ba tare da an ji ba. Mu kuma muka murɗe shi har ƙarshe, kowace murya ta koma tana tsalle daga mataki zuwa mataki. Yanzu ka kunna waƙa biyar a motar Kwangila zuwa Samaru, ka rantse mutum ɗaya ne ya rera su.

Anti Hadiza: Ku maza kuna ta dogon Turanci. Ni da na aurar da 'ya'ya biyu bari in gaya muku. Ka gayyato makaɗa, ka ɗauki nauyin motarsu, abincinsu, ga liƙi, ga maroƙi yana kiran sunanka a gaban kishiyoyi ko kana da shi ko ba ka da shi. Yaron kwamfuta kuwa ku yi ciniki sau ɗaya, shi ke nan. Amma fa ranar da muka kafa ƙwarya a tsakar gida, aka kifa ta a ruwa, tsofaffin da ko tashi ba sa iya yi sai ga su a fili. Lasifika bai taɓa tayar da su ba.

Kawu Bala: Kin gama magana, Hajiya. Kuma ku tuna, a garin nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, da kalangu a bayansa. Ga tambayata ta ƙarshe, Habu. Ana cikin kiɗa sai Sarkin Pawa ya shigo. Mai kalangu ya hango shi tun daga zaure, ya juya hannu ya ɗauko takensa, kowa ya san wanda ya iso tun ba a waiwaya ba. Kwamfutarka za ta yi?

Habu: Wannan kam ba za ta yi ba. Abin da na ɗura mata jiya shi za ta amayar yau.

Zainab: A ƙa'ida fa za a iya. A sa kyamara a ƙofa, manhaja ta gane fuska, ta kunna taken.

Kawu Bala: Ranar da ya naɗo rawani ya rufe baki kuma ta kunna masa taken ango.

Zainab: Kawu ka kashe ni da dariya. Yaya Habu, wata tambaya, FL ɗin naka saye ka yi?

Habu: Zainab, ba a tambayar kaza hanyar rafi.

Zainab: Ba haka karin maganar take ba, kuma ba ka amsa ba. Kamfanin Image-Line na Beljiyam da ke yin FL, idan ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. In kuɗin ne babu, ga manhajojin LMMS da Audacity, halak malak ba ko sisi. Na sata shi ke cika maka kwamfuta da ƙwayoyin cuta.

Habu: Na ji, Malama. Kawu, ga shawara. Ka samo mana mai kalangun nan da kake yabo, ya zo ɗakina a Sabon Gari ranar Asabar bayan la'asar. In kafa masa makirfo ya buga son ransa, ba zan ja masa layi ba, ni kuma in ɗora nawa a kai. Sai a turo nan kowa ya yanke hukunci.

Kawu Bala: Zan yi masa magana. Amma ba ya kiɗa a kan bashi.

Anti Hadiza: In an ɗauke wuta, wa zai sayi man janareta?

Habu: Wanda ya tayar da maganar mana.