Gamayya mai shugaba ɗaya, ko haɗuwa a kan buƙata ɗaya?

Kwamared Bashir: Salamu alaikum jama'a. Na karanta takardar da Malam Nura ya turo jiya, wadda ke neman ƙungiyoyinmu goma sha ɗaya na ƙaramar hukumar nan su dunƙule su zama gamayya, a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, a kai ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a yi rajista. Ni ban goyi baya ba. Gamayya mai kujeru ba ta taɓa haɗa kan matasa a ƙasar nan ba, raba su take yi. Abin da na ga yana aiki shi ne a haɗu a kan buƙata guda, a cim mata, kowa ya koma ƙungiyarsa.

Malam Nura: Wa alaikumus salam Kwamared. "Ba ta taɓa ba" magana ce mai nauyi. Kawo hujja.

Kwamared Bashir: Ga Majalisar Matasa ta Ƙasa nan, NYCN, tun 1964 aka kafa ta. Sau nawa muka ji mutum biyu ko uku kowanne yana cewa shi ne halastaccen shugaba, ana ta jeka-ka-dawo a kotu? To ka ajiye wannan, ka dubi Not Too Young To Run. Ƙungiyoyi barkatai, Kudu da Arewa, Musulmi da Kirista, suka tsaya a kan magana ɗaya tal: a rage shekarun tsayawa takara. Tony Nwulu ya kai ƙudurin Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako ya kai shi Majalisar Dattawa. Tunda gyaran tsarin mulki ne, dole sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, matasa suka bi su jiha-jiha har aka zarce adadin. Ranar 31 ga Mayu 2018 Buhari ya sa hannu. Shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, ɗan Majalisar Wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Wa ya taɓa jin an yi rigimar wane ne shugaban wannan tafiya?

Anti Hadiza: Bashir ƙanena, rabin labarin ka bayar. Tafiyar ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyar matasa ta YIAGA ce ta riƙe ta, su Samson Itodo shugabanta, da ofis a Abuja, da ma'aikata masu albashi, da tallafin ƙasashen waje. Akwai wanda aikinsa kenan ya tashi da safe ya bibiyi inda ƙudurin ya kwana. Mu nan wa zai yi mana wannan? Kowannenmu da sana'arsa. Ni sai na tashi daga makaranta ƙarfe biyu nake samun duba waya.

Malam Nura: Allah ya saka da alheri Anti. Kuma a tambayi Kwamared, bayan sa hannun me ya biyo? Gwamna da sanata suna nan a 35 ɗinsu. Da 2022 ta zo APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Ko da rangwamen rabi da aka yi wa matasa, wane ɗan shekara 25 ne a unguwarku zai kawo miliyan 5 kafin ma a fara kamfen? An buɗe ƙofa, an ɗora mata kuɗin shiga. Da a ce akwai tsayayyar gamayya, da ta ci gaba da matsa lamba a kan jam'iyyu.

Kwamared Bashir: Duk da haka Rukayat Shittu ta shiga majalisar Kwara a 2023 tana da shekara 26. A tsohuwar doka ko fom ba za a sayar mata ba.

Aminu: Ku yi haƙuri manya, ni Abuja ta yi mini nisa. Bari in faɗi abin da ya same mu a watan azumi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kira ni, wata baiwar Allah ta haihu jini ya ɓalle mata, kuma jininta irin mai wahalar samu ne. Na duba littafinmu na masu ba da jini, mutum biyu ne masu irinsa, ɗaya yana Legas, ɗaya ya bayar bai fi sati uku ba. Mijin yana tsaye a gabana riƙe da takardar gwaji, hannunsa yana rawa. A garin nan ƙungiyoyin ba da jini uku ne, kowacce ta ƙanƙame littafinta kamar takardar gado. Sai wajen ukun dare na samu lambar wani daga ɗaya ƙungiyar, shi ma ta hannun abokin ƙanina. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Ni ban damu da wa za a kira shugaba ba. Littafi ɗaya nake so, wanda mu duka za mu iya buɗewa da tsakar dare.

Malam Nura: Ka ji ko, Kwamared? Abin da nake faɗa kenan.

Kwamared Bashir: A'a Malam, abin da ni nake faɗa kenan. Littafi ya nema, bai nemi ma'aji ba.

Zainab: Ni tsorona daban ne. Mun taɓa shiga wata haɗaka shekara uku da suka wuce. Ƙungiyarmu ta fi kowacce yawan mambobi, mu ne muke shiga gida-gida muna mayar da yara mata makaranta. Da aka zo rabon muƙamai, kujeru tara maza suka kwashe, aka ce mana ga "shugabar mata". Taro kuma kullum bayan isha'i, lokacin da ba budurwar da za a bari ta fita, matar aure ma sai da dogon bayani. Da safe sai dai mu ji an yanke. Ranar da baƙi suka zo, mu aka sa rabon ruwa da lemo. Idan wannan gamayyar ma haka za ta kasance, mu a cire mu tun yanzu.

Malam Nura: Malama Zainab, abin da aka yi muku ba daidai ba ne, kuma ana iya rubuta maganinsa a kundin gamayyar. Amma ku dubi halin da muke ciki. Sau biyu muna zuwa sakatariya kan maganar kwalbatin bakin kasuwa, amsar ɗaya ce: yau waɗannan sun zo, gobe waɗancan, ku je ku haɗa kanku tukuna. Duk mai ba da tallafi kuma abin da zai fara tambaya shi ne takardar CAC, da ta SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da asusun banki da sunan ƙungiya. A cikinmu goma sha ɗaya, uku ne kawai ke da su. Sannan ku tuna zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. An kwashe yara daga Kano da Kaduna, suka yi wata uku a tsare, sai da wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba kafin ƙasa ta farga. Irin wannan rana ba za ka fara neman wa zai haɗu da wa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwamared Bashir: Na yarda da zafin wannan, wallahi har yanzu hoton yaran nan yana raina. Amma ga nawa tsoron. Zaɓe yana tafe. Sayen shugaba ɗaya ya fi sayen goma sha ɗaya sauƙi. Ranar da za a kira shi gidan wani mai neman kujera, a fito da shi a rediyo yana cewa "matasan ƙaramar hukumar nan kaf sun yi mubaya'a", sunan Aminu da masu ba da jininsa yana ciki, sunan su Zainab yana ciki. Mun ga irinsa a watan Yunin 2017, da wasu suka tsaya a Arewa House a Kaduna da sunan gamayyar ƙungiyoyin Arewa suka ba Inyamurai wa'adin 1 ga Oktoba su bar yankin. An janye a Agusta, amma wa ya tambaye ni ko kai kafin a yi magana da yawunmu? Mu duka aka zaga.

Baba Idi: 'Ya'yana, tun ɗazu ina karantawa. Mu da muka tashi a ƙauye mun yi gayya. Samarin gari za su fito gonar mutum da sassafe, da makaɗi, mai gona ya kawo fura da tuwo. Akwai mai jan gaba, shi ke raba kunya-kunya, shi ke tsawata wa mai lalaci, ba wanda ke musa masa. Amma ikonsa a gonar yake. In rana ta yi aka saɓa fartanya, shi da kowa ɗaya ne. Wani makon a wata gonar kuma a sake fitowa. Mun yi shekaru a haka ba mu da asusu.

Malam Nura: Ranka ya daɗe, ai ka ga ko gayya ba ta yiwuwa sai da jagora.

Kwamared Bashir: Jagoran yini ɗaya, Malam.

Anti Hadiza: To ku tsaya haka nan, kowa ya ja maganar Baba ɓangarensa. Ga shawarata. Damina saura wata biyu. Mu ɗauki abu biyu kacal, kwalbatin bakin kasuwa da littafin su Aminu. Takarda ɗaya zuwa sakatariya, hatimi goma sha ɗaya a ƙasanta, kowa da sunan ƙungiyarsa. Mai kiran taro ya riƙa zagayawa wata-wata, kuma ba wanda zai je rediyo da sunanmu sai an karanta abin da zai faɗa a nan. In kaka ta yi mu zauna mu duba: in mun ga rashin rajista ya hana mu wani abu, ni da kaina zan goyi bayan takardar Malam Nura.

Aminu: Na yarda. Yau ɗin nan zan kira sauran ƙungiyoyin biyu.

Zainab: Mu ma, in dai taron da la'asar ne.

Malam Nura: Ban gamsu ba Anti, ba zan ɓoye miki ba. In aka ce a yi karo-karo a sayi siminti, asusun wa za a zuba? Nan ne za ku ga inda zumunci ke lalacewa. Amma zan zo, kuma da takardata a hannu.

Kwamared Bashir: Ka zo da ita Malam, a karanta ta a gaban kowa. Maganar asusun ma gaskiyarka ce, ita za a fara da ita.

Anti Hadiza: Asabar, ƙarfe huɗu da rabi, a ajin islamiyyar Baba Idi. Kowace ƙungiya mutum biyu. Aminu, ka taho da littafinku.