Ɗalibi ya yi laifi, korarsa za a yi ko a zauna sulhu?

Ummi_Aji4:
Salam 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen aikin walwalar jama'a, furojet ɗina a kan sulhu ne a makarantu, kuma abin da ya faru a ajinmu ne ya sa na ɗauko shi. Wata 'yar ajinmu ta ɗauke wayar 'yar ɗakinsu, kwamitin ladabtarwa ya dakatar da ita zango ɗaya, da ta dawo in ta zauna kusa da mutum sai ka ga ya jawo jakarsa ya ɗora a cinya, guruf ɗin WhatsApp ma an cire ta, kafin jarrabawa ta daina zuwa gaba ɗaya. Mai wayar kuma ko sisi ba a biya ta ba. Mu fa da ake koya wa yadda za a mayar da fursuna cikin jama'a! Malamina ya ce in kawo misalai na gaske, wa zai taimaka?

Baban_Haidar:
Wa alaikis salam ƙanwata. Nemo labarin jami'ar Dalhousie a Kanada, ƙarshen 2014. Maza ɗaliban likitan haƙori ne suka riƙa rubuta batsa a kan matan ajinsu a wani guruf na Facebook, mutane suka yi ca a kore su, amma wasu daga cikin matan suka zaɓi a zauna, aka yi watanni ana zama har rahoto ya fito a 2015. Sai ki haɗa da dokar yara ta New Zealand ta 1989, wadda ta kawo taron dangi a kan laifin yaro, ta aro daga al'adar Maori, 'yan asalin ƙasar. A gida Najeriya kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ambaci irin wannan sulhun cikin hukuncin da ba ɗauri.

Hajjo:
Ni dai ina da ja. Sulhun da muka saba a nan ai "a yi haƙuri" ne, a tara manya a sa wadda aka zalunta ta yafe don kunya, ta koma ɗaki tana kuka. Ko a Dalhousie ɗin ba duk matan ne suka yarda ba. In za ki yi tambayoyi ki fara da mai wayar, me take so, kuɗinta ne ko ta ji dalili daga bakin waccan? In ta ce ba ta zama, to ba zama.

Ummi_Aji4:
Anti Hajjo kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, wallahi ba wanda ya tambaye ta, takarda kawai aka manna a allo. Ita waccan ɗin ma ina da lambarta tun aji ɗaya, ban taɓa kira ba, kunya nake ji.

Baban_Haidar:
Ki kira ta, amma ba don furojet ba tukuna. In kuma daga baya za ta shiga binciken sai da yardarta a rubuce, ki kuma sakaya sunanta.