Neman kalma: yarjejeniyar da kotu ke tsaya wa, me za mu kira ta?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Jama'a ku taimaka, lokaci ya ƙure mini. Ranar Laraba da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin wayar da kai kan doka a gidan rediyon da nake aiki a nan Katsina. Lauyan da zai zo ya turo bayaninsa da Turanci, shafi uku, in mayar da shi Hausa, layin farko kuma ya tsayar da ni cak. Cewa ya yi kowane "contract" "agreement" ne, amma ba kowane "agreement" ne "contract" ba. In na bi yadda muka saba a ɗakin labarai, cewa zan yi kowace yarjejeniya yarjejeniya ce, amma ba kowace yarjejeniya ce yarjejeniya ba. Wa zai fahimci wannan? Abin da ya jawo shirin ma wata baiwar Allah ce ta kira tana kuka: ƙanin mijinta ya ce ya ba marayunta fili, ta sayar da awakinta ta sayi bulo, yanzu ya ce ya fasa. So nake ta ji shirin ta gane inda take tsaye.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ba kwangila ba ce? Ita muka tashi muka ji ana faɗa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Hajiya, na yi tunaninta. Amma da na ce kwangila, titi da rijiyar burtsatse da ginin ajujuwa za su faɗo wa mai sauraro a rai. Ba wanda zai yarda cewa atamfar da ya kai wa tela kafin Sallah kwangila ce, alhali a wurin lauya ita ma tana ciki. Kwantiragi kuma 'yan ƙwallo sun riƙe ta.

Barista:
Malam, kafin a zaɓi suna a san jaririn. A dokar da muka gada daga Ingila, wadda Babbar Kotu da kotunan majistare ke aiki da ita, magana ba ta zama abin da alƙali zai tilasta sai an yi tayi, an amsa tayin yadda yake ba ragi ba ƙari, kowane ɓangare ya ba da wani abu ko ya ɗauki alkawarin bayarwa, kuma su biyun da nufin doka ta shiga tsakaninsu suka yi. Sai hankali da shekaru, da kuma abin ya zama doka ba ta hana shi ba. Rubutu ba sharaɗi ba ne a yawancin ciniki, duk da fili da gida suna da nasu ƙa'idoji, har da izinin gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada ga mai takardar mallaka. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki wannan tilas ɗin.

Dillalin Mai'adua:
Barista, Allah shi taimake ka, ai wannan da ka lissafa kullum muna cikinsa a kara. Mai saye ya zo ya dafa sa, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taya. In bai kai ba mai dabba ya ce albarka. Ya ƙara, a ce albarka. Ni ina tsakiya riƙe da hannun kowa, ina jan wannan ina lallashin wancan, har mai dabba ya ce ya sallama. Da fitar wannan kalma ciniki ya faɗa, igiya ta koma hannun mai saye, a ba ni la'adata. Ko wani ya zo da ƙarin dubu hamsin bayan nan, mutumin kirki ba ya sake buɗe baki. To me ya hana ku ce ciniki?

Barista:
Alhaji, ka warware mana biyu. Tayi da sallamawa sun zauna daram, har ma sun fi Turancin fito da abin, domin a doka ma wanda ya baje kaya ba shi ne mai tayi ba, mai saye ne, kamar dai yadda ake yi a kara. Albarka kuma kashe tayi ce. A 1840 an yi wata shari'a a Ingila: mai gona ya ce fam 1,000, mai saye ya ce 950, aka ƙi. Ya dawo ya ce to ya yarda da dubun. Kotu ta ce babu ciniki, ragin da ya nema ya riga ya kashe maganar farko. Amma ciniki ba zai rufe hayar gida da ɗaukar ma'aikaci da jingar magini ba. Ya yi mana kaɗan.

Na Kusugu:
Abin da ke ba ni takaici ke nan. Harshe kamar Hausa a ce sai mun ari kwangila da kwantiragi, Turanci ne fa da aka murɗe wa wuya. Shekara 27 ina koyar da Hausa a Daura, kuma na daɗe da tanadar kalmar nan: ɗaurarriya. Daga ɗaure. Yarjejeniya in ta ɗauru ta zama ɗaurarriya, yadda ake ɗaura aure. Sai a ce kowace ɗaurarriya yarjejeniya ce, ba kowace yarjejeniya ce ɗaurarriya ba. Ga jimlarka ta fita tsaf, ba bashin kowa a ciki.

Maman Biyu:
Malam, da girmanka, ni in na ji ɗaurarriya a rediyo zan ɗauka wata mata ce aka kai gidan yari.

Na Kusugu:
To a ce ƙullalliya. Ai ƙulla yarjejeniya muke cewa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya gafarta Malam, ƙullalliya ta riga ta yi gida a wurin makirci da gaba. In na ce akwai ƙullalliya tsakanin mai gida da ɗan haya, an gama fahimtata a baibai.

Almajirin Gobarau:
Ni mamaki nake yadda ake neman abin da ke cikin aljihu. Aƙadi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida da shi ta buɗe, umarni ne a cika ƙulle-ƙullen da aka yi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san aƙadi da ijabi da ƙabuli, wato tayi da amsa shi, alƙalan kotunan shari'armu kuma da su suke hukunci tun kafin Bature ya iso Katsina a 1903. Kalma ce mai asali, mai nauyi.

Na Kusugu:
Larabci ne. Mun gudu daga aro mun faɗa aro.

Almajirin Gobarau:
Malam, in haka ne sai ka mayar da alkawari da sharaɗi da wa'adi da alƙali da shaida, har da albarkar da Alhaji ke ji a kara. Me zai rage mana mu yi shari'a da shi? Ita kanta kalmar shari'a fa?

Na Kusugu:
Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu, sun zama 'yan gida. Abin da nake ƙi shi ne mu zauna sai Kano ta yanke mana. Duk kalmar da aka buga a ƙamus a can ko aka faɗa a gidajen rediyon ƙasashen waje sai mu haɗiye, ta Daura kuwa a ce ba a san ta ba. Daga ina Hausar ta taso in ba nan ba? Ɗaurarriya in an faɗe ta sau goma a iska kunne zai saba. Haka duk kalma ke farawa.

Dillalin Mai'adua:
Nan kam ina bayan Malam. 'Ya'yanmu yanzu in sun yi Katsinanci a makaranta gyara musu ake yi kamar sun yi kuskure. Abin na ci mini rai ƙwarai.

Maman Biyu:
Ni ma yana damuna, amma don Allah a tuna da matar nan da bulonta.

Barista:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma maganar matar ce ta sa ba zan goyi bayan aƙadi ba, duk da ina girmama kalmar. Aƙadi da "contract" abu biyu ne daban, haɗa su a suna ɗaya zai cutar da mai sauraro. A dokar Ingila alkawarin kyauta, in ba a takarda mai hatimi aka yi shi ba, bisa asali ba ya ɗaure mai shi, domin ɗaya ɓangaren bai ba da komai ba. Wannan abin bayarwar shi suke kira "consideration", kuma ba a duba yawansa: gida a kan naira ɗaya ciniki ne, gida a kan "na gode" ba ciniki ba ne. Sannan ga nufi. A 1919 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta duba ƙarar matar wani ma'aikaci mai suna Balfour, wanda ya koma bakin aikinsa a Silon, Siri Lanka ta yau, ya bar ta a gida saboda rashin lafiya, da alkawarin fam 30 duk wata. Da ya daina ta kai ƙara. Kotu ta ce maganar cikin gida ce tsakanin miji da mata, ba su yi ta da nufin zuwa gaban alƙali ba. Malam na Gobarau, faɗa mana yadda abin yake a wurinku.

Almajirin Gobarau:
Ya sha bamban, Barista. Ciyar da mata wajibi ne da aure ya ɗora, ko an yi alkawari ko ba a yi ba. Kyauta kuma a mazhabar Malikiyya tana lazimtar mai ita da zarar ya furta, wanda aka ba yana da ikon neman a damƙa masa, sai dai ba ta cika sai ya karɓa ta shiga hannunsa. In mai kyautar ya rasu kafin nan ta warware. Alkawari ma, a mashahurin zance, in ka sa mutum ya shiga wata ɗawainiya saboda shi, kamar ka ce yi aure ni zan ranta maka sadaki, ya je ya yi, to an lazimta maka cikawa. Matar nan ta nemi shaidun da suka ji furucin ta je ta ga alƙali. Na yarda aƙadi ya tsaya a ɓangarenmu, kada a yafa shi a kan dokar Bature.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Wannan kaɗai ya biya ni, zan roƙi a ƙara mana minti goma a gayyato malamin fiƙihu. Saura "consideration". Lada? Diyya? Tukwici?

Barista:
Diyya a bar ta, ita ce abin da kotu ke sa a biya in an saɓa. Tukwici ganin dama ne, wannan kuwa dole ne.

Maman Biyu:
Ba ni gishiri in ba ka manda. Kakata da shi take bayyana duk wata hulɗa.

Na Kusugu:
Karin magana ce, Hajiya, ba kalma ba. Amma Hausa ce tsantsa, ba zan yi musu da ita ba. In suna ake so a ce abin musaya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
To ga abin da na rubuta, dare ya yi. A farkon shiri zan ce "kwantiragi, wato yarjejeniyar da kotu za ta tilasta a cika", daga nan in ci gaba da kwantiragi. Tayi, sallamawa, albarka, duk sun shiga da misalin Alhaji. Abin musaya na sa shi da fensir, da gishiri da manda a gefensa. Malam Na Kusugu, ka yi haƙuri, ba raina kalmarka na yi ba.

Na Kusugu:
Ban gamsu ba, kuma ba zan ce na gamsu ba. Kwantiragi ko a baki nauyi gare ta. Amma tunda Laraba ta matso, je ka da ita. Alfarma ɗaya nake nema: ka faɗa a iska cewa ana neman kalmar Hausa, masu sauraro su aiko da tasu, ka kuma ambaci ɗaurarriya a cikin waɗanda aka kawo.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Zan ambata, Malam, in sha Allahu. Barista, sakin layi na uku akwai maganar wanda bai kai shekara 18 ba. In ce yaro, ko in ce wanda bai balaga ba?

Barista:
Kada ka ce balaga, za ka sake buɗe wata ƙofar. Faɗi shekarun kawai. Turo mini shafin in duba kafin asuba.