Akwai mai ƙin mutum ba gaira ba dalili kamar yadda nake yi?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na rubuta ta, domin ba abin alfahari ba ce. Ni ɗan kasuwa ne, shekara 19 ke nan ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma zaman shago ya saba mini da auna mutum tun bai gama sallama ba. A da ina ɗaukar wannan a matsayin basira, amma wani abu da na aikata a watan da ya wuce ya sa na fara tuhumar kaina.

Ina neman yaron shago, sai wani maƙwabcina ya kawo mini wani saurayi daga wajen Sakkwato, ya yi masa kyakkyawar shaida, ya ce yana da amana kuma ya iya lissafi. Na nuna wa yaron wani bandir na ce ya faɗa mini ko mene ne, ya amsa daidai, sai dai ya ce "hwarar shadda ta". Daga jin wannan lafazin zuciyata ta rufe. Na ce masa na riga na ɗauki wani, alhali kuwa ban ɗauki kowa ba. Da na koma gida na binciki kaina, ban sami laifin da ya yi ba, illa dai tun ina yaro na tashi da tunanin cewa duk mai cewa "tahi" da "mi" baƙauye ne wanda za a yi wa wayo a kasuwa.

Ba nan abin ya tsaya ba. Idan mutum ya miƙo mini kuɗi da hannun hagu, sai in ji kamar ya raina ni, ko da na ga alamar bahago ne. Wanda ya shigo shago da baƙin tabarau bai cire ba, a wurina mayaudari ne har sai ya tabbatar da akasin haka. Wanda kuma ya sa na warware turmi goma sannan ya ce "zan dawo", wannan kam ina ganin ina da hujjar jin haushinsa.

Tambayata ita ce, shin kuna da irin wannan hali, ko ni kaɗai ne? Kuma a ina ne iyakar da ke tsakanin ɗan haushin da kowa ke ji da zaluntar bawan Allah?

Malama daga Maraɗi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yaba da ka faɗi gaskiya a kan kanka, amma ba zan ɓoye maka ba, labarin yaron nan ya sosa mini rai, domin na sha zama a matsayinsa. Ina zuwa Kano sarin kaya lokaci-lokaci, kuma na lura cewa da zarar na buɗe baki, wasu 'yan kasuwa sukan ƙara kuɗi, wasu kuma su fara kwaikwayon maganata suna dariya. Ranar da na ce 'yata tana "lakwal", wato makaranta, wani ya tara maƙwabtansa su zo su ji Hausar Nijar, shi kuwa a cikin jimla ɗaya ya ce "kwastoma" da "ciyaman". Mu mun aro daga Faransanci, ku kun aro daga Ingilishi, ban ga wanda ya fi wani tsarkin harshe ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu yi mana kallon bare ba su san cewa Katsinawan da suka bar birnin Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 ne suka kafa sarautar Maraɗi ba, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinmu. Iyakar da ta raba mu da Jibiya Turawa ne suka shata ta, ta tarar da mu muna magana yadda muke yi.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka ni ma zan faɗi nawa. Idan na ji mutum yana cusa Ingilishi a kowace jimla, wato abin da kuke kira Ingausa, nan take nake yanke masa hukuncin cewa mai girman kai ne kuma iliminsa bai taka kara ya karya ba. Na san wannan ba adalci ba ne, tun da akwai wanda aikinsa ne ya saba masa da haka, kuma ni kaina idan ina hira da abokan aikina rabin maganata Faransanci ce. Haka kuma ba na son macen da za ta shigo gidana ta wuce har tsakar gida kafin ta yi sallama. Duk kirkin da za ta nuna daga baya, wannan shigowar ce take tsaya mini a rai.

Tsohon malamin Hausa, Zariya, ya amsa:

Alhaji, na koyar da Hausa a makarantar sakandare har na yi ritaya, saboda haka ka ba ni dama in ɗan tsawaita a kan batun karin harshe, domin a nan ne kuskurenka ya samo asali. Abin da ake kira daidaitacciyar Hausa ya fi kusa da Kananci, wannan gaskiya ne, amma ba don Kananci ya fi sauran asali ba. Masu tsara rubutun boko ne suka zaɓe shi domin littattafai da jarida su bi hanya ɗaya, kuma abin ban dariya, a nan Zariya aka yi yawancin aikin, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, alhali mu Zazzagawa da yawanmu "mace ne" muke cewa, mu ce "yarinyan" a inda Bakano zai ce "yarinyar". Masana harshe kuwa suna ganin Hausar yamma, wato ta Sakkwato da Gobir da maƙwabtansu, ta riƙe tsofaffin siffofi da dama waɗanda Kananci ya sauya. Ke nan yaron da ka mayar bai lalata Hausa ba, ta kakanninsa ya yi maka.

Kakanninmu sun san cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da yi wa maƙwabcinsa kallon raini, shi ya sa suka yi wa abin mafita ta hanyar wasan barkwanci. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowa yana da izinin tsokanar abokin wasansa a bainar jama'a, a yi dariya, ba mai riƙe wani. A Nijar ma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2014. Bambancin wancan da abin da ka yi shi ne, abokin wasa yana faɗa maka a gabanka kuma kana da damar ramawa, kai kuwa ka yanke hukunci a ɓoye, ka rufe shi da ƙarya, yaron ya tafi bai san abin da ya hana shi aiki ba. A ganina nan ne iyakar da kake tambaya. Muddin haushin yana cikin ranka, jarrabawarka ce kai kaɗai, amma idan ya hana wani abinci ko aure ko haƙƙinsa, ya zama abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi gargaɗi a kansa, inda aka umarce mu da nisantar yawan zato domin wani sashen zato zunubi ne.

Nawa aibin kuwa na malamai ne. Idan mutum ya aiko mini da saƙo ya rubuta "nagode" ko "yakamata" a haɗe, ko ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi", ko "kafa" yana nufin "ƙafa", sai in ji darajarsa ta ragu a idona, ko da likita ne ko alƙali. Na san cewa wayoyi da yawa ba sa zuwa da haruffa masu lanƙwasa sai an nemo su, na kuma san cewa ba kowa ne ya yi Hausa a makaranta ba, amma shekarun da na yi ina riƙe da jan biro sun fi ƙarfin wannan sanin. Akwai wani tsohon ɗalibina da ke gaishe ni kowace Juma'a da "slm mlm ya kk", kuma Allah Ya sani, sai na yi ta'awwuzi kafin in amsa masa, duk da cewa cikin ɗaruruwan da na koyar shi kaɗai ne bai manta da ni ba.

Ɗan Zangon Kumasi ya amsa:

Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a kan wuri ɗaya. Ya ce muddin haushin yana cikin rai, jarrabawar mai shi ce shi kaɗai. Ni ban yarda cewa yana zama a cikin rai ba, domin fuska tana tona shi, kuma wanda aka yi wa kallon yana ganewa ko ba a ce masa komai ba.

Kakannina fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, suka zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, suka gangaro Kumasi. Hausarmu ta zango ba ta bambanta namiji da mace kamar taku, kuma ƙ da ɗ sun sassauta a bakin yawancinmu. Lokacin da na je aikin Hajji na zauna da wasu alhazai 'yan Nijeriya, ba wanda ya zage ni, amma duk sanda na yi magana sai in ga sun kalli juna, ɗaya daga cikinsu ma ya tambaye ni cikin ladabi a ina na koyi Hausa. Na ce masa a bayan mahaifiyata na koye ta, kamar yadda ya koyi tasa.

Ni ma ba tsira na yi ba. Tun daga wannan tafiya, idan na ga mutum da babbar riga mai aiki da hula ƙube yana magana da ƙarfi a waya, sai in ce a raina ga wani ɗan Nijeriya mai fankama, tun bai ce mini uffan ba. Mutum huɗu ne suka ɓata mini rai, na ɗora wa al'umma guda laifinsu. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wani mahauci mai addini da rufin asiri ya nemi auren ƙanwata, na tsaya kai da fata na hana, ina kawo dalilai iri-iri, alhali dalilin gaskiya shi ne sana'arsa, ni da ba na iya cin tuwo idan miya ba nama. Ta auri wanda na zaɓa mata, auren bai kai shekara 2 ba.

'Yar jami'a ta amsa:

Iyayena, ku yi mini afuwa, nawa ƙanana ne idan aka gwada da naku, amma su ma suna da nauyi a wurina. Duk wanda ya aiko mini da saƙon murya na minti 7 a WhatsApp, ina ɗaukarsa mutum ne da bai san darajar lokacin mutane ba. Wanda ya kira sau ɗaya ya katse domin in kira shi, a raina marowaci ne, ko da na san halin da ake ciki. Direban adaidaita sahun da ya ƙure waƙa kuwa ba na shiga kekensa, domin na riga na yanke cewa tuƙin ganganci zai yi, ko da yake wanda ya taɓa kayar da mu dattijo ne mai sauraron wa'azi a hankali.

Game da hannun hagu, Alhaji, ni bahaguwa ce. An sha dukan hannuna ina ƙarama har na koyi ci da miƙa abu da dama, kuma na yarda ladabi ne da addini ya koyar, amma idan na ɗauko kaya ko hankalina ya rabu, hagun ce take riga ni. Kusan mutum 1 cikin 10 haka Allah Ya halicce su, saboda haka a cikin masu shiga shagonka kullum akwai irina, kuma ba raini ne ya kawo su ba.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Malama da ɗan'uwana na Kumasi, waɗanda suka nuna mini yadda abin yake ga wanda aka yi wa. Baba Malam, na duba abin da na rubuta a sama sau biyu don kada in faɗa cikin masu "nagode".

Jiya bayan la'asar na je wurin maƙwabcin nawa na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, na roƙe shi ya kira mini yaron. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai tun a makon da na mayar da shi wani mai shago a layin bayanmu ya ɗauke shi, har ya fara bar masa makulli. Na karɓi kwatancen shagon, ina da niyyar in je in nemi afuwarsa ranar Asabar, sai dai har yanzu ban san da bakin da zan gaya wa yaron da na haifi kamarsa cewa saboda "hwara" na ƙi shi ba. Yaron shago kuwa har yau ban samu ba. Wanda aka kawo mini shekaranjiya Bakano ne ɗan cikin badala, amma da baƙin tabarau ya shigo, kuma na ce masa ya dawo ranar Litinin.