Me ya sa ake kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina?

Malamin Lakwal, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a aji na ƙarshe na wata makarantar firamare a nan Maraɗi. Da muka dawo daga hutun ƙaramar salla, wani yaro ɗan shekara 12, wanda mahaifinsa ya kai shi kallon hawa a ƙofar fada, ya ɗaga hannu ya ce mini: "Malam, na ji maroƙa suna ta kiran Sarkin Katsina, alhali babana ya ce Katsina tana Nijeriya, sai an wuce Ɗan Isa da Jibiya. To, shi sarkinmu baƙo ne?" Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na sallame shi da cewa kakannin sarki daga Katsina suka taso. Na lura amsar ba ta gamsar da shi ba, kuma ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

Saboda haka nake roƙon dattawa da masana su yi mini bayani dalla-dalla. Wane ne Ɗan Kasawa, kuma ta yaya ya riƙe sarautar garin da ba ya zaune a cikinsa? Me ya sa kuma sunan Ɗan Baskore ya fi na sauran sarakunan da suka biyo baya fitowa a bakin mutane?

Tsohon Malami, Bagalam:

Wa alaikumus salam. Ɗana, yaron nan naka ya yi tambayar da manya da yawa suke jin nauyin yi, don haka kada ka bari dariyar ƴan ajinsu ta kashe masa gwiwa.

Sai an koma shekarar 1804, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Wutar ba ta tsaya a Gobir ba. A ƙasar Katsina mutum uku ne suka jagoranci jama'ar Shehu, wato Umarun Dallaje da Umarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, kuma a wajejen 1807 birnin ya faɗa hannunsu, Umarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora, wanda yake danganta kansa da Muhammadu Korau, ya janye arewa zuwa Ɗankama, aka bi shi har can aka ci garin. Labarin da ake bayarwa shi ne sarkin lokacin, Magajin Halidu, ya faɗa rijiya saboda baƙin cikin abin da ya same shi, sai manyan da suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa a madadinsa.

Ka tsaya ka dubi irin wannan naɗi. An ɗaura wa mutum rawani a kan hanyar gudu, ba gari, ba ganuwa, ba talakawan da za su kawo haraji, sai ƴan dawaki da bayin sarki da sunan sarauta kawai. Daga nan ya nufi Damagaram ya fake, sannan ya dawo ya zauna a Gafai. Shekaru sama da goma ya yi a cikin wannan hali. Damarsa ta zo ne daga mutanen kwarin Gulbin Maraɗi, manoma da maharba waɗanda suka gaji da wakilin da sababbin masu mulki suka aza musu, wani mai suna Mani. Suka yi masa tawaye, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna a Maraɗi a wajejen 1819. Ita kanta kalmar Maraɗi sunan wata sarauta ce daga cikin sarautun Katsina kafin ta zama sunan babban gari.

Ga amsar yaronka a nan: Ɗan Kasawa bai ɗauki kansa a matsayin wanda ya kafa sabuwar masarauta ba. A ganinsa shi ne Sarkin Katsina na halal, Maraɗi kuwa sansani ne da za a zauna kafin a koma gida, shi ya sa bai sauya sunan sarautar ba, waɗanda suka gaje shi ma ba su sauya ba. Ya rasu bai koma ba. Rauda ya gaje shi, ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Abzinawa, suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836, aka kashe Rauda da Ali duka a fagen. Wani gidan da an yi masa irin wannan duka ya watse ke nan, amma Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya tattara waɗanda suka saura, ya kuma taimaka wa Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wa Gobirawa Tsibiri, nan kusa da mu, don garuruwan biyu su zama ƙashin bayan juna. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanensa Atiku da ya gaje shi ya kawo wa Tsibiri yaƙi bai ci ta ba, ya rasu a 1842.

Ɗan Baskore kuwa ya yi sarauta daga wajejen 1854 zuwa 1875, kuma abu biyu suka ɗaukaka sunansa. Na farko daɗewa, domin sarakunan da suka gabace shi kai tsaye, irin su Binoni da Ɗan Mahedi da Ɗan Baura, kowannensu ƴan shekaru ya yi. Na biyu shi ne a zamaninsa dawakin Maraɗi suka riƙa kutsawa ƙasar Katsina da Zamfara har su taɓa ƙasar Kano. A wurina shi ne sarki na ƙarshe da maganar komawa birni ta kasance da ƙarfi a hannunsa, ba a bakin maroƙa kaɗai ba.

Alhaji Bakatsine, Babbar Kasuwa:

Malam, Allah ya ƙara sani, na ƙaru ƙwarai. Amma ka yi mini izini in ɗan ja da kai, domin ni haifaffen wani ƙauye ne a yammacin Katsina, wajen dajin Ruma, ko da yake na shekara 30 ina saye da sayarwa a Maraɗi, a nan na yi aure, a nan ƴaƴana suka tashi.

Abin da ka kira kutsawar dawaki, mu a wajenmu hari ake ce masa. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, idan muka yi dare muna wasa a dandali, ba da kura take tsorata mu ba, cewa take yi mu shigo kafin Maraɗawa su zo, alhali a lokacin an fi shekara sittin da daina yaƙin. Ta taɓa kama hannuna ta kai ni bayan gari ta nuna mini wani dogon tudu da gonaki suka cinye, ta ce ragowar ganuwa ce, kuma ƙanwar kakarta ta fita ɗebo ruwa da hantsi ta wannan ƙofa, mahaya suka ɗauke ta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ban ce mutanen Katsina ba su yi wa na Maraɗi irin wannan ba, sun yi, kuma na tabbata akwai tsofaffi a Madarunfa da suke da irin labarin kakata. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa dajin da ke tsakani ya ga kufan Ɗankama da idonsa, wurin da a da gari ne mai cike da mutane.

Abin da nake so malamin lakwal ya gaya wa ɗalibansa shi ne, yaƙin neman komawa gida da aka fara a zamanin Ɗan Kasawa ya rikiɗe a hankali ya zama hanyar samun bayi da dabbobi, kuma talakan da ke noma a bakin iyaka shi ya biya kuɗin. Kada a koya wa yara sunayen sarakuna da yawan yaƙoƙinsu kawai, a bar su suna tsammani babu kowa a garuruwan da aka ƙone. Har ila yau, su mutanen Shehu ba don kwaɗayin ganuwar Katsina kawai suka tashi ba, suna da ƙorafi na gaske a kan zalunci da harajin da ya wuce kima da gauraya addini da al'ada, ko da wasu daga cikin jikokinsu sun koma yin abin da aka yi yaƙin dominsa.

Hajiya, Limanci:

Sannunku da ƙoƙari. Baba Malam da Alhaji duk kun tsaya a kan sarakuna da dawaki, ni kuwa ina so in ja hankalin mai tambaya zuwa ga waɗanda suke naɗa sarkin. Abin da aka ɗauko daga Katsina ba rawani ɗaya ba ne, tsari ne sukutum. Akwai manya huɗu, Galadima da Kaura da Ƴandaka da Durbi, waɗanda su ne masu zaɓen sarki, kuma idan suka haɗa baki suna iya tuɓe shi. Akwai kuma Iya, mace daga gidan sarauta, mai faɗa a ji a kan al'amuran mata da na bori, kamar yadda Inna take a Gobir. In ba don waɗannan sun yarda sun bi Ɗan Kasawa cikin daji ba, da shi ɗan gudun hijira ne kamar kowa.

Wannan tsari da ya raya gidan shi ne kuma ya raunana shi bayan rasuwar Ɗan Baskore. Masu naɗi suka fi wanda suke naɗawa ƙarfi, musamman Kaura Hasau, aka riƙa ɗora sarki yau a sauke shi gobe, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa da zama. Ko da Faransawa suka iso a ƙarshen ƙarni na 19, gida a rabe suka tarar.

Wani abu kuma, Malam, idan yaran suka ce ka nuna musu garin Ɗan Kasawa, kada ka nuna musu inda muke zaune yanzu. Tsohon garin a cikin kwari yake, ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta rushe shi aka hau tudu. Mahaifiyata tana yarinya a lokacin, kuma ta ce abin da ta fi tunawa shi ne an aza mata tukunya da ƴar tabarma a ka, tana biye da jakin da ya ɗauko sauran hatsin da aka tsamo daga rumbu. Sunayen unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da namu Limanci, tare da mutanensu suka hau.

Tsohon Malami, Bagalam:

Alhaji, ban musa maka ko kalma ɗaya ba, kuma na karɓi gyara a kan kalmar da na zaɓa. A zauren gidanmu akwai wani tsohon kwari da baka da aka rataye tun ina yaro, muna alfahari da shi, amma ban taɓa tambayar kaina a jikin wa kibiyoyin suka ƙare ba sai da na girma. Hajiya kuma ta cike gurbin da na bari.

Saura abu guda, wato dalilin da ya sa maganar komawa ta mutu ɗungurungum. Ba gidan Katsina kaɗai aka kora ba. Na Zazzau ya gangara kudu, Abu Ja ya kafa Abuja a wajejen 1828, garin da ake kira Suleja a yau. Na Kabi ya tsaya a Argungu, na Daura ya zauna a Zango, na Kano kuwa ya ƙare da kashe Alwali a Burumburum. Littattafai suna kiran waɗannan gidaje Haɓe, kalmar Fulatanci ce, kuma ni ban cika son ta ba, na fi son a ce sarakunan Hausa. Da Ingilishi suka karɓi Katsina a 1903, ba su daɗe ba suka kawar da gidan Dallaje, suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko a 1906, wanda zuriyarsa ce take sarauta har yanzu ta hanyar Usman Nagogo da Kabir Usman da Abdulmumini. A wannan shekara ta 1906 suka mayar da Malam Musa na tsohon gidan Daura kan gadon kakanninsa. Ka ga ashe komawar ba tatsuniya ba ce, ta yiwu ga wasu. Mu kuwa yarjejeniyar iyaka da Ingila da Faransa suka gyara a 1904 da 1906 ta bar Maraɗi da Tsibiri a hannun Faransa, kuma a fahimtata babu yadda za a yi Ingilishi su ɗauko sarki daga ƙasar kumandan su ba shi birni a tasu. Abin da ganuwar Katsina ta hana shekara tamanin da wani abu, turakun iyaka suka zo suka rufe shi. Sunan dai ya zauna, har a 2010 gwamnati ta ɗaga darajar sarautar, tare da ta Gobir da ta Doso, zuwa matsayin sultan.

Malamin Lakwal, Sabon Gari:

Baba Malam, Alhaji, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Na yanke shawarar ranar Litinin zan zana taswira a allo ba tare da layin iyaka ba, in sa Katsina da Ɗankama da Damagaram da Gafai da Maraɗi da Tsibiri, in ba yaron alli ya bi hanyar Ɗan Kasawa da hannunsa, sai a ƙarshe in ja layin da jan alli su ga lokacin da ya shigo. Alhaji, idan ba za ka damu ba, zan ba su labarin ƙanwar kakar kakarka ba tare da ambaton ƙauyenku ba, domin akwai yara uku a ajin da iyayensu mata daga Jibiya aka auro su. Hajiya, ina roƙon ki tambayar mini a Limanci ko akwai dattijon da zai iya raka mu kwari ya nuna mana inda tsohuwar fada take, kafin ruwa ya sauka hanyar ta lalace.