Mutanen da suka ratsa rayuwarmu, ko sunansu na yanka ba mu riƙe ba

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Juma'a, na ce bari in kawo shi nan ko na ji sanyi.

Lokacin da nake karatu a tsohuwar jami'ar Bayero, tun kafin a yi gadar ƙasa ta Kabuga, akwai wani mai shayi a bakin titi da nake karyawa a wurinsa. Mutumin Nijar ne, kowa Na Damagaram yake ce masa. Ina shekara ta biyu mahaifinmu ya rasu, kuɗin da ake ba ni ya yanke, sai na daina zuwa teburinsa, in na zo wucewa in tsallaka ɗaya hannun. Rannan ya aiko yaronsa ya kira ni. Bai tambaye ni komai ba, ya haɗa min shayi da rabin burodi, ya ɗauki tsinken ashana guda ya jefa a wani gwangwanin madara, ya ce wannan gwangwaninka ne, ranar da ka zama mutum ka zo mu ƙirga. Shi bai iya boko ba, da ashana yake lissafin bashi. Haka muka yi har na gama. Na tafi bautar ƙasa, aiki ya riƙe ni a Legas, aure, 'ya'ya, kullum ina cewa in na zo hutun Sallah zan leƙa. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Ranar Juma'ar nan na je da kuɗi a aljihu. Wurin ya zama shagon sayar da waya. Na tambayi mutum ya fi goma, yara ne duk, babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Sai a nan na lura ko sunansa ban sani ba. Mutum ya ciyar da kai shekara uku, ka tashi yi masa addu'a ka rasa sunan da za ka kama.

Shin ni kaɗai ne? Wa ya ratsa rayuwarku haka ya wuce?

Hajiyar Mandawari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, ka taɓo min inda yake min ciwo.

Ni almajirina ne. Ya zo gidanmu bai fi shekara tara ba, kansa duk ƙora, yana bara a soro. Na ce ya share min tsakar gida in ba shi tuwo, shi ke nan ya zama ɗan gida. Shara, wanke-wanke, kai niƙa, sayo itace, in an ɗauke ruwa ya nemo mai ga-ruwa. Da Sallah in na yi wa jikokina ɗinki nakan haɗa da shi, a lokacin ina ganin ai na yi masa komai.

Sai shekarar korona, 2020. Duk wanda yake cikin gari a watan Afrilun nan ya san abin da aka gani, dattawa suna ta tafiya, kafin ka dawo daga wannan jana'iza an aiko da wata. Alhajina yana cikinsu. Daren da jikinsa ya rikice gari a kulle yake, 'ya'yana maza ɗaya yana Hotoro ɗaya yana Kaduna, babu mai iya zuwa. Yaron nan ne ya fita cikin dare ya bi lungu-lungu har ya taso wani mai adaidaita daga barci. Allah bai yi za a kai asibiti da rai ba. Da aka ɗauki Alhaji zuwa Ɗandolo, an ce min yana cikin waɗanda suka bi gawar da ƙafa.

Ina cikin takaba aka fara kwashe almajirai ana mayar da su jihohinsu. Malaminsu ya tattara nasa suka tafi, ban ma ji ba sai bayan kwana biyu da na ga shara ta taru. Robarsa ta bara tana nan a bayan ƙofar soro inda yake ajiyewa. Sunansa na sani, amma irin sunan da in ka kira a tsangaya yara goma za su waiwayo. Garinsu kuwa abin da na riƙe kawai wajen Katsina ne. Shekara huɗu yana shiga ɗakina, ban taɓa zaunar da shi na ce ya sunan mahaifiyarka, tana raye ko ta rasu ba. Wannan shi ne abin da ba na yafe wa kaina.

Auta:
Allah Ya jiƙan Baba Alhaji, Hajiya, Ya sa ya huta. Shi kuma yaron Allah Ya raya shi a inda yake.

Nawa gajere ne. Ɗan acaɓan da yake kai mu firamare ni da yayata, daga Ɗorayi. In Umma ba ta da canji sai ya ce a bari sai wata. Da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, ya zo da ƙafa ya yi wa Umma sallama, ya ba mu alawa, ya ce zai gwada Zariya. Fuskarsa ma ta ɓace min yanzu, amma ina tuna hular sanyinsa ja.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:
Ni wanda ya koya min sana'a Ibo ne, a Sabon Gari. Babana ya kai ni wurinsa ina ɗan shekara sha uku bayan na ƙi makaranta, 'yan unguwa har suna yi wa Baba surutu wai ya rasa inda zai kai ɗansa. Oga kawai muke ce masa. Mutum ne mai faɗa, in ka miƙo masa sifana sha biyu alhali sha uku ya ce, sai ka ji ta a bayanka. Amma duk Juma'a da rana ta take shi da kansa yake korar mu, ku tafi masallaci kar babanku ya ce na ɓata ku. Da azumi ba ya cin abinci a gabanmu, bayan wata tsohuwar mota yake zagayawa.

Abin da ya bar min shi ne kunne. Yakan tayar da inji ya ce in rufe ido in gaya masa abin da ke damun motar. In na ce fulogi ne ya ce sake ji. Har yau kafin in buɗe bonet sai na saurara, yarana suna ganin kamar tsafi nake.

Rikicin watan Mayun 2004 ne ya raba mu. Ba a taɓa shi ba, amma matarsa ta ce ita ta gama zaman Kano. Ranar da zai tafi ya kira ni ya ba ni akwatin kayan aikinsa gaba ɗaya, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, kai ne yarona na fari. Ya ce Anaca za su. Lokacin ba ni da waya, lambar da ya rubuta min a takarda kuma ta tafi a wanki. Duk ɗan Anacan da ya zo sayen kaya a Ƙofar Ruwa sai na kwatanta masa shi, su yi dariya su ce masu irin wannan suna a can sun fi dubu. Akwatin yana nan, sifana biyu ne kawai suka ɓata.

'Yar Kurna:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Kowa yana ta kawo mutanen kirki, kamar duk wanda ya ratsa rayuwar mutum alheri ya bari. Ni wadda ba na mantawa uwar adashinmu ce.

Ina budurwa ina kitso da ƙunshi, ina zubi a wurinta kullum, na ce a bar min kwasar ƙarshe saboda kayan ɗaki, don mahaifina ba shi da ƙarfi. Saura sati uku biki aka wayi gari ɗakinta da kwaɗo. Ashe ta daɗe tana cin na wannan ta biya wancan. Da gado da katifa na aro aka kai ni, bayan kwana bakwai masu shi suka zo suka ɗauke a gaban dangin miji. Wanda bai taɓa zama amarya a kan tabarma ba ba zai gane ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya na kai ɗana asibiti, ina kan layin karɓar kati, sai na ji an kama min mayafi. Ita ce, ta rame ta yi baƙi, da ƙyar na gane ta. Ta fashe da kuka ta ce in yafe mata. Mutane sun zuba mana ido, na ce na yafe. Har kuɗin mota na ba ta. Amma in gaya muku gaskiya, bakina ne ya faɗa, zuciyata sai da ta ƙara shekaru kafin ta bi. Yanzu in ta faɗo min a rai ina cewa Allah Ya jiƙanta in ta mutu, wani lokacin kuma sai tabarmar nan ta riga addu'ar zuwa.

Hajiyar Mandawari:
'Yata, ai kin yi ƙoƙari. Ba a tilasta wa zuciya, lallaɓa ta ake yi.

Tsohon Ma'aikaci:
Bari tsoho ya sa baki. Nawa ba ɓacewa ya yi ba, na san sunansa, na san garinsu, na san inda yake. Wannan ya sa laifina ya fi na kowa a nan.

Teburinmu ɗaya a sakatariyar jiha. Mutumin Haɗeja ne. Duka 'yan PRP ne mu, amma da jam'iyya ta rabu ni na tsaya a taɓo wajen Malam Aminu Kano, shi ya bi santsi wajen Rimi. Yaran yanzu ba za su san zafin abin ba, har aure ya mutu a kan wannan. Mu kuwa kullum sai mun yi musu kamar za mu doku, in azahar ta yi mu ci ƙwano ɗaya a wurin mai shinkafa da wake. Ranar da Malam ya rasu, 17 ga Afrilun 1983, shi ne ya zo gidana ya ɗauke ni a Vespa muka nufi Gwammaja. Taro ya hana mu ƙarasawa da babur, muka jingine shi muka taka. Ni ɗan taɓo ban yi kukan da ɗan santsin nan ya yi ba.

Da aka yanke Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991, aka ce kowa ya koma jiharsa, ya tattara ya tafi Dutse. Ya rubuto min wasiƙa biyu, na amsa ɗaya. Dutsen nan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma kullum sai in ce wata mai zuwa. Da wayar hannu ta zo na ce zan nemi lambarsa, ban nema ba. A rediyo na ji shi, cikin sanarwar rasuwa, kuma ba ta rasuwar ba ce, ta addu'ar arba'in ce. Na je na yi wa iyalinsa gaisuwa. Babban ɗansa da na faɗi sunana sai ya ce, au, kai ne Ɗan Taɓo? Ashe haka yake kirana a gidansa duk shekarun nan.

Ɗan Gwammaja, kai da ba ka ji mutuwar naka ba, kar ka zauna.

Malamin Islamiyya:
Game da bashin, abin da muka karanta a wurin malamai shi ne a nemi mai haƙƙi iyakar iyawa, in ya rasu a ba magadansa, in an rasa su duka sai a yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. Amma tambayar mutum goma a bakin titi ba ta kai iyakar iyawa ba, ɗan'uwa. Yaran shago ka tambaya. Mutanen Nijar a Kano sun san junansu gari-gari. Ka je wurin tsofaffin masu shayi da masu gadi na wannan yankin, in ba a dace ba ka gangara Fagge, tun zamanin ayari nan ne masaukinsu. Addu'a kuwa ko ba suna tana zuwa, Wanda ake roƙo Ya san wanda kake nufi.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Malam. Baba Tsohon Ma'aikaci, maganarka ce ta hana ni barci.

Jiya bayan la'asar na koma. Na bar masu shaguna na shiga layukan baya, na samu wani dattijo Buzu mai gadi yana dafa shayinsa a ɗan buta. Ina cewa gwangwanin ashana sai ya yi dariya, ya ce ai ba ni kaɗai ba ne, gwangwanaye sun fi ashirin a ƙarƙashin teburin nan, kuma ranar da zai tashi a murhu ya juye su duka. Ya ce ciwon ido ne ya mayar da shi gida, wani ƙauye a gefen Matamai, kuma bara da wani ɗan garinsu ya zo ya ce yana nan da rai, sai dai ba ya gani sosai. Ya faɗa min sunansa na yanka da na mahaifinsa, na rubuta a waya, na sake rubutawa a takarda saboda abin da ya samu Bakanike.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, in tsallaka ta Kongolam. Dattijon ya haɗa ni da wani direba da ya san ƙauyen. Abin da ya rage ban san nawa zan kai ba, tunda ashanar ta ƙone, kuma kuɗin kofin shayi na wancan lokacin yau ko ƙullin sukari ba zai saya ba. Uwargida ta ce in bar lissafi, in sayi buhun gero da katan ɗin madara da shadda, in sa abin da ya sawwaƙa a ambulan. Hajiya, in kin tuna unguwar da tsangayar malamin yaronki take, ki turo min, akwai abokin aikina ɗan Katsina da ke zuwa gida duk ƙarshen wata.